Darakta Ɗaya, Yara Biyu: Macaulay Culkin da Daniel Radcliffe a Kan Sikeli

Sau biyu Chris Columbus, daraktan fina-finai ɗan Amurka, ya ɗauko yaro ɗan firamare ya mayar da shi wanda duniya ta haddace fuskarsa. Na farko shi ne Macaulay Culkin, a fim ɗin Home Alone na 1990. Na biyu kuwa Daniel Radcliffe, a fim ɗin Harry Potter na farko da ya fito a 2001. Culkin yana da shekara 9 lokacin da aka ɗauki nasa, Radcliffe yana da 11. Dukansu sun yi suna tun ba su san ciwon kansu ba, dukansu sun tara dukiyar da iyayensu ba su taɓa mafarkin riƙewa ba. Amma Culkin ya ajiye sana'ar yana ɗan shekara 14, ya kusa shekara 9 bai sake fitowa a fim ba, shi kuwa Radcliffe tun daga wancan lokaci bai sauka daga kan aiki ba. Abin da ya raba hanyarsu ya fi kama da labarin gida fiye da labarin baiwa.

An haifi Culkin a birnin New York a watan Agustan 1980, shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa, Kit Culkin, ya taɓa wasan kwaikwayo a dandamali amma bai kai ko'ina ba, daga baya ya koma yi wa wani coci hidima. Mahaifiyarsa tana aikin amsa waya. Su tara suke cunkushe a wani ɗan ƙaramin gidan haya a unguwar Yorkville, yara suna kwana a gadaje masu hawa. Macaulay ya fara hawa dandamali yana ɗan shekara 4, kuma ba a daɗe ba aka gane cewa yaron yana da abin da uban ya nema bai samu ba.

Radcliffe kuma an haife shi a Landan a watan Yulin 1989, shi kaɗai ne wajen iyayensa. Mahaifinsa wakilin marubuta ne, mai nema musu masu buga littafi da ƙulla musu yarjejeniya. Mahaifiyarsa kuwa aikinta zaɓen 'yan wasa wa masu shirya fim. Su biyun sun ɗan taɓa wasan kwaikwayo a ƙuruciya, sun san ciki da wajen harkar, kuma suna da albashinsu. Yaron ba ya jin daɗin makaranta, yana fama da wata 'yar lalura da ke sa ƙananan ayyuka irin ɗaure igiyar takalmi su yi masa wuya. Don ya ɗan samu ƙwarin gwiwa ne aka bar shi ya gwada sa'arsa a wasan David Copperfield na BBC a 1999.

Tun a nan bambancin ya fara. A gidan farko, wasan yaro shi ne ƙofar fita daga talauci. A gida na biyu, wasan yaro magani ne da aka nema wa yaron kansa.

Duba yadda kowannensu ya shiga babban fim ɗinsa. John Hughes, wanda ya rubuta Home Alone, ya riga ya ga Culkin a fim ɗinsa Uncle Buck na 1989, shi ya nuna shi. Labarin mai sauƙi ne: Kevin, ɗan shekara 8, iyalinsa sun manta da shi a gida sun tafi hutun Kirsimeti a Faransa, ya rage shi kaɗai yana kare gidan daga ɓarayi biyu da tarkunan da ya haɗa da fenti, da ƙusa, da dutsen guga. An kashe kimanin dala miliyan 18, fim ɗin ya kawo sama da miliyan 470. Hoton yaron ya dafe kumatunsa da hannu biyu yana kurma ihu gaban madubi ya zagaye duniya. Akwai wani abu da kyamara ba ta nuna ba: a wajen gwaji, Joe Pesci, wanda ya fito a matsayin ɗaya daga cikin ɓarayin, ya ciji yatsan yaron da gaske har ya fasa fata, kuma Culkin ya sha nuna tabon bayan ya girma. Yaro ne tilo a tsakiyar manya masu ɗaukar aikinsu da zafi.

Na Radcliffe ya fara ne da "a'a". Columbus ya ga yaron a David Copperfield ya ce shi yake so, iyayen suka ƙi, domin yarjejeniyar da aka fara kawowa ta ƙunshi fina-finai da yawa a jere, kuma a Los Angeles za a ɗauka. Ba su yarda a tumɓuke ɗansu daga gida da abokansa ba. Sai da furodusa David Heyman ya ci karo da yaron da mahaifinsa a gidan wasan kwaikwayo ya sake roƙo, kamfanin Warner Bros. kuma ya sauko zuwa fim biyu da za a ɗauka a Ingila, sannan suka amince. Radcliffe ya ce yana cikin bahon wanka mahaifinsa ya shigo ya faɗa masa an ɗauke shi, ya fashe da kuka. Ko a wajen aikin an ga irin wannan sassauci. A littafin J.K. Rowling idon Harry kore ne, aka sa wa yaron gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido don a canja launin, idonsa ya ƙi karɓa, sai aka haƙura aka bar shi da shuɗin idonsa har ƙarshen fina-finan takwas.

Iyayen da za su iya cewa a'a ga Harry Potter iyaye ne da ba su dogara da kuɗin ba. Nan ne gizo yake saƙa. Duk wanda ya san gidan da tukunya ba ta hawa murhu sai yarinya ta dawo daga talla ya san halin da Culkin ya shiga: ranar da ta ce ta gaji, abincin daren gidan ne take neman hanawa, ba wanda zai ji maganarta a matsayin neman hutu. Bayan Home Alone, Kit Culkin ya zama manajan ɗansa, farashin yaron ya yi ta hawa. An biya shi dala miliyan 1 a My Girl na 1991, miliyan 4.5 a Home Alone 2 na 1992, miliyan 8 a Richie Rich na 1994. Uban ya zama wanda manyan Hollywood ke shakka. An ruwaito cewa ya gindaya wa kamfanin Fox sharaɗin a ba ɗansa rawar mugun yaro a The Good Son kafin ya sake shi ya yi Home Alone 2, kuma aka ba shi. Tsakanin 1988 da 1994 yaron ya fito a fina-finai sama da 12, uku daga ciki a shekarar ƙarshe kaɗai, kuma ukun ba su yi kasuwar da aka sa rai ba.

Culkin da bakinsa ya ba da labarin daren da ya jagoranci shirin Saturday Night Live a 1991, yana ɗan shekara 11. Shiri ne da ake watsawa kai tsaye, manyan 'yan wasa ma suna leƙen allunan da aka rubuta musu maganganunsu a bayan kyamara. Mahaifinsa ya hana a ɗaga masa allo, dole ya haddace komai. A hirarrakin da ya yi bayan ya girma, ya ce uban yana musguna masa, yana kuma kishinsa, domin abin da ya kasa cimma a tsawon rayuwarsa ɗansa ya wuce shi tun bai kai goma ba. Ya ce ya sha roƙon a bar shi ya huta, ba a saurare shi ba.

Mahaifin Radcliffe shi ma ya bar aikinsa saboda fim ɗin ɗansa, amma don ya riƙa raka shi wajen ɗauka. Kuɗin kuwa aka buɗe kamfani aka zuba su ana juya masa, bai samu damar taɓa su yadda yake so ba sai da ya cika 18. Columbus ya faɗa a fili cewa abin da ya gani a gidan su Culkin ne ya koya masa darasi, shi ya sa a Harry Potter ya riƙa tantance iyaye kamar yadda yake tantance yara. Wato wahalar yaron farko tana cikin abin da ya sayo wa na biyu sauƙi.

Tsarin aikin ma ya bambanta. Culkin yana tsalle daga wannan fim zuwa wancan, kowane da sabon gari, sabbin fuskoki, sabon ɗakin otal. Radcliffe ya yi shekara 10 a wuri guda, situdiyon Leavesden da ke arewa da Landan, tsohuwar masana'antar injin jirgin sama. Masu kwalliya da masu ɗinki da direbobi kusan su ne dai daga farko har ƙarshe, sun san shi tun yana ƙarami, suna iya tsawata masa. Ga abokan wasansa a fim ɗin, Emma Watson da Rupert Grint, da tarin sa'o'insa suna ɗauke da kaya iri ɗaya. Dokar Ingila ta tilasta lasisi daga ƙaramar hukuma, da mai kula da yaro, da awannin karatu kowace rana. A Amurka akwai dokar Coogan ta jihar Kalifoniya tun 1939, wadda aka yi bayan Jackie Coogan, yaron da ya fito da Charlie Chaplin a The Kid na 1921, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. Amma dokar tana da ɓaraka da yawa, sai a shekarar 2000 aka gyara ta yadda kuɗin ya zama mallakin yaro, ana kuma ajiye masa kashi 15 cikin 100. Jihar New York, inda Culkin ya tashi, ba ta yi irin tata ba sai 2003. Lokacin da iyayensa, waɗanda dama ba su yi aure ba, suka rabu a 1995, rigimar riƙon yara ta haɗe da rigimar wa zai riƙe dukiyar. Yaron ya je kotu aka cire sunayensu daga asusunsa aka damƙa wa wani akanta. Tun daga nan shi da mahaifinsa ba sa ga maciji.

Sai dai adalci bai yarda a zana ɗaya fari fat, ɗaya baƙi ƙirin ba. Duk da gatan da Radcliffe ya samu, suna bai bar shi haka ba. Wajen shekara 18 ya faɗa shan giya, ya ce yana sha ne don ya manta ana kallonsa, idan ya bugu kuma sai kallon ya ƙaru, sai ya ƙara sha. Ya amsa cewa akwai ranakun da ya zo wajen ɗaukar fim giyar daren jiya ba ta sake shi ba, kuma ba ya son kallon wasansa a fim na shida. Ya daina a 2010. Gida nagari bai hana shi faɗuwa ba, abin da ya yi masa shi ne ya sa ya samu hannun da zai kama ya tashi, kuma bai taɓa tsanar sana'ar ba. Tun kafin Harry Potter ya ƙare ya hau dandamali a wasan Equus a 2007, ya ci gaba da zaɓar ayyukan da suka yi nesa da yaron mai tabarau, har ya ci lambar Tony a 2024 da wasan Merrily We Roll Along.

Shi ma Culkin labarinsa bai ƙare a inda jaridu suka so ya ƙare ba. Ya yi aure yana ɗan 17, auren bai daɗe ba. An kama shi da wiwi da wasu ƙwayoyi a Oklahoma a 2004. Shekara da shekaru masu ɗaukar hoto suna bin sa suna jiran ranar da za a ce ya lalace. Bai lalace ba. Kuɗin da ya ƙwato sun ba shi abin da aka hana shi yana yaro, wato ikon ƙin aiki. Ya koma makaranta, ya dawo fim a 2003 da Party Monster, daga baya ya zauna a Faransa na wani lokaci, yana yin wasan idan ya ga dama. A Disambar 2023 aka sa masa tauraro a titin girmamawa na Hollywood. Ƙaninsa Kieran kuma, wanda ya fito a Home Alone a 'yar ƙaramar rawa, ya tashi a gida ɗaya da shi amma ba a kansa aka ɗora tukunyar gidan ba. Ya girma a sana'ar sannu a hankali, ya ci Oscar a 2025. Uba ɗaya, ɗaki ɗaya, nauyin ne ya bambanta.

Idan baiwar ƙuruciya za a auna, Culkin ne a gaba. Ya riƙe fim guda shi kaɗai, minti da yawa ba kowa a gabansa sai kyamara, yana ba da dariya da ɗaga gira kawai. Radcliffe na fina-finan farko yaro ne mai ƙoƙari da manyan 'yan wasan Ingila irin su Maggie Smith da Alan Rickman suka kewaye, shi ma ya yarda a kan aikin ya koyi wasan. Amma wanda ya fi baiwa an tatse shi cikin shekara shida har ya gundura, wanda ya fara da kaɗan an ba shi shekara goma ya koya a hankali. Don haka duk inda aka ga yaro yana kawo kuɗi da fuskarsa, a fim ne ko a bidiyon barkwanci na YouTube da TikTok, tambayoyin da suka fi muhimmanci guda uku ne: wa ke riƙe da kuɗin, wa ke ƙirga awannin aikinsa, kuma idan ya ce ya gaji, akwai babba a gidan da zai iya jure asarar ya ce a tashi haka nan?