Wa Ke Riƙe da Linzamin Soja?

Kwana huɗu bayan sojojin Janar Abdourahamane Tchiani sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar a ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ba su wa'adin mako guda su mayar da shi kan kujerarsa, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Kowa ya san wace ƙasa za ta ɗauki mafi nauyin wannan yaƙi. Shugaba Bola Tinubu na Najeriya ya rubuta wa Majalisar Dattawa, ita kuwa a zamanta na 5 ga Agusta ta ƙi goyon bayan tura dakaru, ta ce a bi ta sulhu. Sanatocin Arewa ne suka fi ɗaga murya, don jihohi bakwai ne suka haɗa iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma mutumin Katsina ba ya kallon na Maraɗi a matsayin baƙo.

Ba alfarma aka yi wa majalisar ba. Sashe na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa shelanta yaƙi sai majalisun tarayya biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa, ya kuma hana tura soja faɗa a waje ba da yardar Majalisar Dattawa ba. Sashe na 218 ya fayyace ikonsa na babban kwamandan askarawa, amma bai sakar masa mara ya yi fitsari yadda ya ga dama ba. Ƙasar da ta sha juyin mulki tun Janairun 1966 ta san dalilin wannan takunkumi. Obasanjo, wanda shi kansa tsohon janar ne, yana hawa mulki a 1999 ya yi wa hafsoshin da suka ɗanɗana muƙaman siyasa ritaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Yaƙi da maƙwabta kowa na gani, shi ya sa sanata ke iya tsayawa. Amma kasafin tsaro fa? Da an ce "sirrin ƙasa ne" sai kwamitocin majalisa su kama bakinsu, gwamnoni kuma suna karɓar kuɗin tsaro da ba a bin diddiginsu. Najeriya ta fitar da kundin dabarun tsaronta a 2014, ta sabunta shi a 2019, amma har yanzu soja ne ke tsare shingaye a hanyoyin Zamfara da Borno, aikin da asali na ɗan sanda ne, kuma da wuya ka ji majalisa ta nemi a faɗa mata ranar da za su koma bariki.