Laƙabin Faifai: Haruffa Shida da Babbar Kwamfuta ke Dogara da Su

A shekarar 1972 kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fito da wani tsarin sarrafa kwamfuta mai suna VM/370, wanda ya samo tushe daga CP-67 da aka ƙirƙiro a cibiyar binciken kamfanin da ke Cambridge ta jihar Massachusetts. Hikimar tsarin ita ce ya ɗauki babbar kwamfuta guda, irin wadda bankuna da jami'o'i kan keɓe wa ɗaki mai sanyi, ya sa kowane mai aiki da ita ya ga tamkar shi kaɗai ke da na'urar. Wato kowa ya sami tasa kwamfutar ta kwaikwayo, da ƙwaƙwalwarta da faifanta. Shirin da ke yin wannan rabo shi ake kira CP. Jikan tsarin kuwa, wato z/VM da aka sanar a 2000, har gobe yana bakin aiki.

To, na'urar da ke haɗe da ɗaruruwan faya-fayai, yaya take bambanta wannan da wancan? Ko wane faifai yana da lambar mazauni, amma lambar ba abin dogaro ba ce. A zamanin faya-fayai irin su 2314 da 3330, ma'aikaci kan cire faifai da hannu ya ɗora wani a gurbinsa: mazauni bai sauya ba, abin da ke ciki ya sauya. Saboda haka sai aka rubuta wa faifan sunansa a jikinsa. An kasa faifai silinda-silinda, ko wace silinda kuma layi-layi, ana fara ƙirga daga sifiri. A silinda ta 0, layi na 0, rubutu na uku, nan laƙabin yake. Tsawonsa bayit 80 ne. Haruffa huɗun farko su ne VOL1, sai haruffa shida na sunan faifan su biyo baya, kamar 540RES, sunan da babban faifan z/VM 5.4 ke zuwa da shi.

Muhimmancin waɗannan haruffa yana fitowa fili ne wajen rabon faifai. Faifan 3390 samfuri na 3 yana da silinda 3,339, ko wacce da layi 15, kuma ba a cika ba mutum ɗaya dukkansa ba. Akan yanka shi ne kamar fuloti, a kira ko wane yanki ƙaramin faifai. A cikin kundin masu amfani da na'urar, layin da ya fara da kalmar MDISK yana faɗin silindar da yankin ya fara, da yawan silindarsa, da laƙabin faifan da yake kai. Alal misali, a ce an ba ɗalibi silinda 100 daga ta 101 a kan faifai mai suna DALIB1. Shi ɗalibin zai ga yankinsa ya fara daga sifiri. CP ne ke ƙara 101 a ɓoye duk lokacin da ya nemi karatu ko rubutu. Har ma yana iya yi wa yankin nasa laƙabi da umarnin FORMAT na tsarin CMS, kuma wannan bai shafi laƙabin faifan na ainihi ba.

Sauya laƙabi abu ne mai sauƙi da shirin CPFMTXA ko ICKDSF. Sai dai wanda ya sauya bai gyara kundin ba, da kuma fayil ɗin SYSTEM CONFIG inda aka jera faya-fayan da CP zai ɗauka, ya ɓatar wa mutane yankunansu ke nan, alhali ko harafi ɗaya bai goge ba.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne na tagwayen suna. Idan aka kwafe faifai ɗungurungum da shiri irin DDR don ajiya, laƙabin ma yakan bi kwafin. Ranar da aka sake tayar da na'urar, CP zai tarar da faifai biyu masu suna ɗaya. A al'ada yakan ɗauki mai ƙaramar lambar mazauni, ya ba da sanarwa, ya ƙyale ɗayan. In kuwa kwafin makon jiya ne ke da ƙaramar lambar, shi ke nan: na'ura za ta tashi lafiya lau, ma'aikata su ci gaba da zuba lissafin yau a kan bayanan da suka tsufa. Wannan ya fi lalacewar da ake gani muni, domin kafin a farga an sami kundi biyu, ko wanne da rabin gaskiya. Shi ya sa ƙwararru kan sauya wa kwafi suna nan take, ko su hana na'urar ganinsa lokacin tashi.

Akwai kuma batun silinda ta 0. Duk wanda yankinsa ya fara daga nan, laƙabin ainihi yana hannunsa. Abin ya ƙara fitowa fili bayan da Linux ya shigo waɗannan na'urori wajen 2000, domin shirinsa na dasdfmt kan share faifai ya rubuta sabon suna mai farawa da 0X in ba a faɗa masa wani ba. Don haka masu kula da tsarin kan fara yankan fuloti daga silinda ta 1, su bar ta 0 a hannun CP. Wannan dabara ce ma ke ba da damar gwada sabon VM a cikin tsohon VM: na cikin yana ganin laƙabobinsa a farkon yankunan da aka ba shi, na wajen kuwa silinda ta 0 ta ainihi kaɗai yake dubawa, don haka ko sunayen sun zo ɗaya ba za su yi karo ba.