Wanda Aka Tilasta, Yana da Alhaki?

Manoman ƙasar Bakori da Funtuwa da Malumfashi sun sha wuya a hannun 'yan bindiga, tun ba bayan an kwashe ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a watan Disamba na 2020 ba. A waɗansu ƙauyuka an aza wa mutane kuɗi kafin a bar su su girbe masararsu da audugarsu, waɗansu kuwa aka sa su kai hatsi da man fetur daji. To, tambayar da muka ji malamai suna yi ita ce: mutumin da ya kai kayan nan don tsoron ransa, mai laifi ne ko kuwa?

Mun ga ya kyautu mu kawo amsar da masanan Kirista suka bayar, domin ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1953 aka danƙa wa limaman Katolika 'yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka aikin lardunan Sakkwato da Katsina, suka zauna a Gusau da Funtuwa da Malumfashi, inda aka buɗe makarantar horar da masu koyar da addini. A 2023 kuma aka ba Katsina nata bishop, Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi. Babban malamin ƙungiyar nan shi ne Toma Akwinas, mutumin Italiya, wanda ya rasu a 1274.

A ganinsa Allah ya dasa wa kowane ɗan Adam hankalin da zai rarrabe alheri da mugunta ko da littafi bai iso shi ba. Wannan ake kira dokar halitta. Watau Bamagujen da bai taɓa shiga masallaci ko coci ba ya san kisan kai da cin amana mugun abu ne. Dokar hukuma kuwa daga wannan take samun ƙarfinta. In ta saɓa mata, ta zama zalunci, ko da an buga mata hatimi. Masu riƙe da alƙalamin ofis sai su lura da wannan.

Amma alhaki ba ya hawa kan mutum sai ya san abin da yake yi, ya kuma yi shi da zaɓinsa. Nan ne Toma ya tsaya ya rarrabe. In an ɗaure mutum, aka ja shi, aka ɗora masa buhu, wannan ba aikinsa ba ne, ba shi da laifi ko kaɗan. In kuwa tsoro ne ya sa shi, to, da sauran zaɓi a hannunsa, kamar mai jirgin ruwa da ya zubar da kayansa a teku don kada ya nutse: ba ya so, amma shi ya zaɓa. Saboda haka tsoro yana rage laifi ƙwarai, amma ba ya shafe shi a kowane hali. Wanda ya ba da masararsa don ya tsirar da iyalinsa, dukiyarsa ya bayar, ba mu ga mai zarginsa ba. Wanda ya nuna gidan maƙwabcinsa aka je aka kashe shi, ya sayi ransa da ran wani, alhaki yana wuyansa, ko da yake bai kai na wanda ya yi don kuɗi ba.

Malamanmu na fiƙihu za su ce ai wannan ba sabon abu ba ne, gama a babin tilas su ma sun yarda a faɗi kalmar da zuciya ba ta yarda da ita ba, amma ba su yarda a kashe wani don tsira da rai ba. Gaskiyarsu. Wurin da wuyar take shi ne tsakani: man fetur ɗin da aka kai yau, da shi za a hau babur a faɗa wa wani ƙauye gobe, mai kaiwa kuwa ya sani. A nan masanan Katolika na baya suka ce sai a auna girman barazanar da aka yi masa, da kusancin hannunsa ga ɓarnar, da ko yana da hanyar gudu ko ta kai ƙara.