Kulocin Peugeot 504: a gwada kafin a kwance

A shekarar 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, daga nan kuma 504 ta zama motar gwamnati, wadda manyan sakatarori da daraktoci suka shiga shekara da shekaru. Da gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus kuɗi a 2003, ma'aikata da yawa suka sayi motocin ofis, wasu kuma suka aika da su gida. Irin waɗannan ne har yanzu ake gani jefi-jefi a unguwar Sintali da ke Jalingo.

A Taraba hanya ce ke yi wa kuloci jarrabawa. Wanda ya tashi daga Jalingo ya bi ta Bali da Serti, da zarar ya wuce Mayo Selbe zai fuskanci hawan tsaunin Mambila, mai kwana a kan kwana. Kulocin da ke lallaɓawa a cikin gari, a nan yake tona asirin kansa, inda babu gareji kusa.

Sai dai kalmar "kuloci ya tafi" tana ɗauke da cututtuka biyu da ba su da dangantaka, kuma a nan kuɗin mai mota ke salwanta. Na farko shi ne zamewa. A sa mota a babbar giya tana tafiya a hankali, a taka totur: idan injin ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, ga kuma warin ƙonewa, faifan ya cinye. Ko a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci sannu a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. Gwaji ɗaya ya wadatar, domin maimaitawa ma cin faifan take yi.

Na biyu shi ne giya ta ƙi shiga, ko ta yi ƙara musamman a ribas, ko abin takawa ya nutse bai dawo ba. Kulocin 504 da mai yake aiki, irin man birki, don haka sau da yawa laifin na robobin famfonsa ne ko iska ta shiga. Wannan gyaran sa'o'i kaɗan ne, ba ya bukatar a taɓa giyabos. Hadimin da aka kira daga gida ana neman kuɗin sabon faifai, ya dace ya fara tambaya: zamewa take yi, ko giya ce ke ƙin shiga?

Idan kuwa ya tabbata sai an kwance, to tsimi ba shi da amfani, domin kuɗin aikin yana cikin sauke giyabos ko ciro injin. A canja faifai da matsinsa da bodinsa lokaci guda. A duba ko mai na yoyo daga bayan injin, don faifan da ya jiƙe da mai zai riƙa fizga ko da sabo ne. A kuma duba fuskar ƙarfen injin da faifan ke mannewa, domin idan an yi jinkiri har ƙusoshin faifan suka fito, sun riga sun karce ta, sai an kai ta an goge. Bayan an ɗaura, a bar motar ta yi 'yan kwanaki tana zirga-zirga a cikin Jalingo kafin a nufi Gembu da ita.