Rauni ɗaya, hukunci biyu: abin da ya kamata uwa ta sani game da kotunan Ingila

Uwargida, idan kina da ɗa ko ƙane da ke karatu ko aiki a Ingila, wannan bayani naki ne. Faɗan samari ba ya sallama, kuma da zarar jini ya zuba, magana ta koma kotu.

A manyan shari'o'in can, ba alƙali ne ke cewa mutum ya aikata laifi ba, saɓanin yadda kika sani a Najeriya. Mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, su saurari shaidu, su yanke. Alƙali kuma ya faɗi tsawon ɗaurin.

Dokar da ake amfani da ita ta 1861 ce. Sashe na 18 ya shafi wanda ya ji wa wani rauni da niyyar yi masa mummunar illa, hukuncinsa kan iya kai wa ɗaurin rai da rai. Sashe na 20 kuwa, raunin ɗaya ne, amma ba a tabbatar da waccan niyya ba. Iyakarsa shekara 5.

A ce yaro ya jefi wani da kwalba, goshi ya tsage. An gurfanar da shi ƙarƙashin sashe na 18. Mutanen nan 12 sun yarda shi ya yi jifan, amma suna shakkar ko ya nufi nakasa wancan. Idan zaɓi biyu kawai aka ba su, ko dai su ɗora masa laifin da ya fi abin da ya yi, ko su sake shi, wanda aka raunata ya tashi a tutar babu. Shi ya sa dokar 1967 ta ba su damar wanke shi daga babban laifin, su same shi da ƙaramin. A 2006, a wata shari'ar kisa, kotu mafi girma ta ƙasar ta ce wajibi ne alƙali ya nuna musu wannan hanya muddin shaidu sun buɗe ta, ko da lauyoyi ba su so.

Don haka ki ja kunnen ɗanki. Kada ya fita da wuƙa, domin ɗaukar makami na cikin abin da ake kafa hujjar niyya da shi. Idan an kama shi, ya nemi lauya kafin ya amsa tambaya. A ofishin 'yan sanda kyauta ne.

Da ɗanki aka raunata, za ki gamsu da ƙaramin hukuncin? Faɗa mana a ƙasa.