Abin da ke lalata gilashin mota mai aiki da lantarki, da dalilin tsadar gyaransa

Gilashin ƙofar mota da ya ƙi hawa ko ya ƙi sauka yana cikin matsalolin da ke yawan kai masu motoci a Najeriya wurin makanikai da masu gyaran wayarin. Lahani ne da ake raina shi, tunda ba ya hana mota tafiya. Sai dai direban da gilashinsa ya maƙale a ƙasa cikin cunkoson ababen hawa na Legas, inda ake fargabar masu fizgen waya da jaka, ko wanda ruwan sama ya tarar a kan hanyar Fatakwal, ya san cewa abin ya shafi tsaron dukiya da lafiya.

Babban ƙorafin masu motoci shi ne kuɗin gyara, da kuma yadda matsalar kan dawo bayan 'yan makonni. Wani ɓangare na wannan tsada ya samo asali ne daga halin tattalin arziki. Wani ɓangaren kuma daga al'adar sauya kaya kafin a gano ainihin abin da ya lalace, kuma wannan ne mai mota yake da iko a kansa.

Yadda gilashin yake aiki

Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara fito da gilashi mai hawa da sauka ba tare da juya hannu ba, a shekarar 1940. A yau kusan duk motar da ake shigowa da ita ƙasar nan da irinsa take zuwa.

Abubuwa biyar ne ke haɗuwa su motsa gilashin. Akwai fis da wayoyin da ke kawo wuta daga batir. Akwai maɓallin kowace ƙofa, tare da babban maɓalli a ƙofar direba mai sarrafa dukkansu. Akwai ƙaramin inji a cikin ƙofa. Akwai abin ɗaga gilashin, wanda makanikai ke kira regileta. Na ƙarshe ita ce robar da gilashin ke bi ta cikinta.

Regileta iri biyu ce. Tsohon samfuri ƙarfe ne mai siffar almakashi, yana da nauyi kuma yana daɗewa. Sabon samfuri yana amfani da siririyar igiyar ƙarfe da ke zagaya 'yan ƙafafun roba. Wannan ya fi sauƙin nauyi da arahar ƙerawa, amma robar kan bushe ta tsage saboda zafi da shekaru, igiyar kuma kan tsinke ko ta cukurkuɗe.

Abin da ya sa matsalar ta yi yawa a nan

Yawancin motocin da ke kan titunan Najeriya na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano, kuma sun yi shekaru suna aiki kafin su iso. Injin gilashinsu ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Daga nan sai yanayi ya ɗora nasa. Ƙurar hunturu tana taruwa a cikin robar, ta sa gilashi ya yi tauri, injin ya riƙa ja da ƙarfi har ya yi zafi. Da damina kuma, ko a wurin wankin mota, ruwa kan gangara cikin ƙofa. Idan ƙananan hudojin da ke ƙasan ƙofar sun toshe, ruwan sai ya kwanta, tsatsa ta kama regileta da mahaɗar wayoyi.

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direbobi da yawa sun rage kunna na'urar sanyaya mota domin tsimin mai, suna dogara da iskar taga. Ga shingayen bincike, ƙofofin ma'aikatu da sayayya a gefen titi, waɗanda kowannensu ke sa a sauke gilashi a ɗaga. Shi ya sa gilashin ƙofar direba ne ya fi saurin mutuwa.

Alamomin da ke nuna inda lahani yake

Kafin a kwance ƙofa, yadda gilashin ya tsaya yana bayyana abubuwa da dama. Idan duka huɗun sun daina aiki lokaci ɗaya, da wuya a ce injina huɗu sun mutu tare. Abin dubawa shi ne fis ko babban maɓallin direba. Idan na fasinjoji kaɗai suka ƙi aiki daga ƙofofinsu, wataƙila an danna makullin da ke hana yara wasa da gilashi ne, kuma wannan ba ya buƙatar ko sisi.

Idan gilashi yana amsa umarni daga wurin direba amma ba ya amsawa daga ƙofarsa, maɓallin ƙofar ne abin zargi. Idan ana jin ƙarar injin amma gilashin bai motsa ba, ko ana jin gurzawa, ko gilashin ya karkace ko ya zube cikin ƙofa, to injin yana da rai, regileta ce ta lalace. Idan kuma yana aiki sa'ad da ƙofa ke buɗe ya tsaya idan an rufe ta, galibi waya ce ta karye a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wurin da ke lanƙwasa duk lokacin da aka buɗe ƙofa.

Gilashin da ke hawa a hankali yakan nuna datti a cikin roba, raunin batir ko injin da ya gaji. Wanda ya tsaya bayan an yi ta wasa da shi, sannan ya dawo bayan 'yan mintoci, injinsa ne ya katse wuta don kare kansa daga zafi. A motoci da dama kuma, cire batir kan sa gilashi ya manta da hawa da kansa a dannawa ɗaya. Ana maido da wannan ta bin matakan da ke cikin littafin motar, ba tare da sayen komai ba.

Inda kuɗin ke tafiya

Mafi yawan waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin dala. Kafin Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wannan ya shafi farashi a kasuwar Ladipo da ke Legas, da Apo a Abuja, da Nkwo a Nnewi, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano.

A motoci da yawa ana sayar da inji da regileta a haɗe, saboda haka wanda 'yar roba ɗaya ta karye masa sai a ce ya sayi duka. Mai saye kuma yana tsakanin zaɓi uku: sabon kaya na kamfanin motar, mai tsada, na hannu da aka ciro daga wata mota, wanda ba a san yawan aikin da ya yi ba, da sabo mai araha wanda ingancinsa ya bambanta daga wannan kwali zuwa wancan. Araha ba ta ado, domin wanda ya sauya kaya sau biyu ya biya kuɗin aiki sau biyu.

Asara mafi ciwo ita ce ta gyaran lalube. A sauya inji, matsala ta ci gaba, a sauya maɓalli, daga ƙarshe a gano waya ce ta karye. Ƙwararren mai wayarin yakan fara auna ko wuta tana isa ga injin, sannan ya ba injin wuta kai-tsaye ya ga ko zai juya. Haƙƙin mai mota ne ya nemi a yi wannan gwaji a gabansa, a gwada kayan hannu kafin ya biya, a ba shi rasit da wa'adin mayarwa, a kuma miƙa masa tsohon kayan da aka cire.

Batun gobara da lafiyar yara

Wani lokaci lahanin daga masana'anta yake. A watan Oktoban 2012 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 7.4 a faɗin duniya, ciki har da Camry, Corolla, Yaris da RAV4, saboda babban maɓallin gilashi da kan maƙale har ya iya yin zafi ya haifar da hayaƙi ko wuta. A Oktoban 2015 ya sake kiran kusan miliyan 6.5 kan maɓallin. Honda ma a farkon 2010 ya kira motoci 646,000 samfurin Jazz, Fit da City, saboda ruwa kan shiga maɓallin ya haddasa gobara. Irin waɗannan motoci suna da yawa a Najeriya. Wanda motarsa ta fito daga Amurka zai iya shigar da lambar shasinta mai haruffa da lambobi 17 a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran ƙasar, NHTSA, ya ga ko akwai gyaran kiranye da ba a yi mata ba.

Saboda haka maɓallin da ke ɗaukar zafi ko warin ƙuna ba abin jinkiri ba ne, kuma bai kamata a fesa masa mai ba. Haka nan ɗaure fis da ya ƙone da waya, ko sanya wanda ya fi shi ƙarfi, yana cire kariyar da ke hana wayoyi kama wuta.

Injin gilashi yana da ƙarfin da zai raunata yatsa ko wuyan yaro, kuma ba kowace mota ke da tsarin da ke mayar da gilashi baya idan ya ci karo da wani abu ba. Danna makullin gilashi idan akwai yara, da cire makullin mota duk lokacin da direba zai fita, su ne kariya.

Kulawar da ke tsawaita kwanan gilashi ba ta da tsada. A riƙa goge cikin robar da tsumma mai laima, a fesa mata man silikon. Baƙin mai da giris suna kumbura roba suna kuma tara ƙura. A saki maɓalli da zarar gilashi ya kai ƙarshe, kada a taimaka masa da turawa da hannu, a kuma tabbatar hudojin ƙasan ƙofa a buɗe suke kafin damina. Gilashin da ya fara jan jiki ko ƙara, a kai shi a duba tun yana motsi, domin a wannan mataki sau da yawa wanke roba kaɗai yake buƙata.