Yadda Ake Huda Ƙarfe Mai Tauri a Gyaran Tsohuwar Mota

A shekarar 1948 aka fara ƙera Land Rover a Ingila, har yanzu kuwa akwai masu tayar da tsofaffinta su mai da su kan hanya. Abin da ya fi ba su wahala shi ne huda ƙarfe mai tauri, kamar sifirin ko kusar da ta karye cikin inji. Manomi mai gyaran garmar shanu ko tsohuwar tarakta, wannan magana ta shafe ka.

Dalilin taurin shi ne, tun wajen ƙira an gasa ƙarfen ya yi ja, aka tsoma shi cikin mai. Kafin ka fara, goga masa magagari. In ya ci, mahujin da aka saba zai huda shi. In ya zame, sai ka nemi mahuji mai gaurayen kobal, kashi 5 ko 8 cikin 100, gama shi ke jure zafi. In wannan ya kasa, sai na kabayid. Amma kabayid gautsi gare shi, da ya karkace sai ya karye, don haka injin huda na girke ya fi dacewa da shi.

Ɗaure ƙarfen tam, ka sa tabarau saboda ɓarɓashi. Buga ɗan gurbi inda bakin mahuji zai zauna, ka fara da ƙarami kafin babba. Juya inji sannu, ka danna da ƙarfi, kana ɗiga mai. Kada ka bar mahuji yana gurza a banza, wannan ƙara wa wurin tauri yake yi. In bakinsa ya yi shuɗi, ya ƙone ke nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Maƙeranmu da ke sarrafa tsohon sifirin su yi gatari ko fartanya suna da tasu dabara. Sukan gasa shi ya yi ja, su binne cikin toka ya huce a hankali, sai ya yi laushi. To, amma a kula. Sifirin da za a mayar jikin mota kada a kai shi wuta, don ƙarfinsa zai tafi, yana iya lanƙwashewa ko karyewa ranar da aka yi wa mota lodin gyaɗa. Kuɗin mahuji mai kyau bai kai asarar kaya da rai ba.